Tsayuwa a Kwanar Dangora

Bebeji,
Farkon watan Yuni.

Zuwa ga Adda Kaltume, a Doguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen unguwa baki ɗaya. Yaya kunnen? Ranar da aka sallamo ni daga asibiti na kira ki a waya, ina ta ɗaga murya ina cewa "Adda, ni ce Safara'u," ke kuma kina ta cewa "Wa ke magana?" har Humaira ta karɓe wayar tana dariya. Shi ya sa na ce gara mu koma takarda. Idi direba ya ce zai riƙa kai miki in ya biyo da motarsa.

An yi aikin lafiya, alhamdu lillahi. Sun cire gwiwar daman nan da ta cinye, sun sa mini ta ƙarfe. Abin da ban zata ba shi ne, ba wurin ɗinkin ne ya fi damuna ba. Naman cinya ne da na sha-raɓa. Sai ina zaune lafiya lau in ji ya ɗaure tamau kamar ana murɗa wanki, gumi ya karyo mini. Akwai wata yarinya mai suna Bushira, ma'aikaciyar gashin ƙashi, da take zuwa gida tana sa ni motsa ƙafar. Na ce mata, "'Yar nan, anya ba a taɓa wata jijiya ba?" Ta ce, "A'a Mama, naman ne ya daɗe bai yi aiki ba, yanzu kuma an tashe shi. Sai ya yi ƙorafi kafin ya saba."

Humaira tana iya ƙoƙarinta, Allah ya yi mata albarka. Amma kin san 'yar tawa malamar makaranta ce, da safe take fita, mijinta kuma yana Kano sai ƙarshen mako. Gidan yana bayan gari, cikin sababbin gine-gine masu dogayen katangu. A nan ba mai leƙowa ya ce a sam masa garwashi. Wuni nake ni da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, sai kukan kajin maƙwabta da ban taɓa gani ba.

A kujera nake salla. Goshina ya yi kewar ƙasa, Adda.

Ki duba mini masarata ta bayan gida, ki ga ko an yi mata noman farko. In Allah ya yarda kafin ta nuna ina gida, mu zauna a gindin katangar tsakaninmu kamar yadda muka saba. Ki gaishe da ɗanki Umar in ya kira daga Kaduna.

Ƙanwarki,
Safara'u.

*

Doguwa,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanwata Safara'u.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a hankali, na sake karantawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san na ajin manya ne.

Sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiyata ƙalau, kunne dai yana nan yadda kika bar shi, ko ma ya ɗan ƙara nauyi.

Masararki ta kai gwiwa, an yi mata noma. Ruwa yana sauka sosai bana, duwatsu duk sun yi kore.

Ga man kaɗanya nan na ba Idi a cikin gwangwani. Ki riƙa ɗumama shi a tafin hannu kina murza cinyar daga ƙasa zuwa sama. Haka kakarki take yi wa kakata lokacin da ta faɗi a rijiyar Ƙafin Maiyaki, ina ƙarama ina kallonsu. 'Yan'uwan juna ne su, amma ba su wuni ba su yi faɗa ba, ana murza ƙafa ana zage-zage. Ki sa ruwan zafi kuma ki gasa.

Maganar kaɗaici kuwa, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Tun da kika tafi ba mai tsayawa ya maimaita mini magana. In mata sun taru suna hira sai in ga bakuna suna motsi, in an yi dariya in yi. Ke ce kike juyowa ki faɗa mini abin da aka ce.

Ki daure ki yi abin da yarinyar ta ce. Ki warke ki dawo.

Yayarki,
Kaltume.

*

Bebeji,
Cikin watan Yuli.

Adda Kaltume,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fatan ruwan nan bai tayar miki da ciwon baya ba. Ni da sauƙi, ana ta godiya.

Man kaɗanya ya iso. Da na buɗe gwangwanin sai ɗakin ya ɗauki ƙanshin ɗakinki, na daɗe riƙe da shi ban shafa ba. Na nuna wa Bushira, ta ce a shafa a cinya da sha-raɓa, amma kada ya kusanci ɗinkin. Ruwan zafi ma ta ce a tsaya a naman cinya kawai. Gwiwar ita ƙanƙara take so, a naɗe cikin tsumma a ɗora bayan an gama motsa ta. Wutar lantarki ba ta zama a nan, sai Humaira ta biya wajen masu sayar da ruwan sanyi ta taho da ƙanƙarar a kula. In ɗora ƙafar a kan matasai, in kwanta ina kallon silin har sanyin ya ratsa.

Bari in gaya miki abin da ake sa ni. In kwanta in miƙe ƙafar in danna bayan gwiwa a kan katifa. In riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. Wanda ya fi wuya shi ne jan dunduniya a kan tabarma zuwa jikina. A nan ne nake kiran sunan Allah da ƙarfi. Bushira ta koya mini in sha maganin da likita ya rubuta kafin mu fara, ba sai zafi ya kama ni ba, kuma hakan ya taimaka. Ta kuma ja mini kunne cewa in na ga sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi, kada in murza, a tafi asibiti nan take. Alhamdu lillahi ban ga haka ba.

Jiya na taka daga ɗaki har bakin ƙofar gida. Na leƙa waje, ba kowa sai wata akuya.

Adda, na gaji da nan. Na yi shawara da zuciyata, abin da Bushira take sa ni ai na haddace shi, zan iya yi a ɗakina. Idi ya ce zai ba ni kujerar gaba in miƙe ƙafa. Ki sa a buɗe ɗakin ya sha iska, a shanya katifa in an sami rana. Ban gaya wa Humaira ba tukuna, amsarki nake jira.

Taki,
Safara'u.

*

Doguwa.

Safara'u,

Salama da gaisuwa. Muna lafiya.

Ki zauna inda kike. Kada ki motsa. Babu abin da za ki zo yi a nan.

Idi yana tsaye yana jira, ba zan tsawaita ba.

Kaltume.

*

Bebeji,
Farkon watan Agusta.

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni ma ga ni nan.

Na ga takardarki. Na juya bayanta ko akwai saura, babu. Na tambayi Idi ko kin ba shi saƙon baki, ya ce shi dai takarda aka miƙo masa, ya kawar da kai ya ja motarsa.

Ban san abin da na yi ba. Na zauna na bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya. Ko don na ce ki sa a shanya katifa ne, kika ga kamar na mayar da ke 'yar aike? Ko kuwa kin hango wahalar da zan zame miki, gurguwa a hannun tsohuwa, a ɗauko ruwa, a ɗauko buta? In haka ne ai da kin faɗa mini kai tsaye. Ni da ke aure ya kai mu Doguwa, ba mu da wani dangi a garin sai junanmu, mun binne mazajenmu muna riƙe da hannun juna. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ki ce babu abin da zan zo yi ba.

Kin ce in zauna, kada in motsa. To na zauna. Da ma motsin nan azaba ne, kuma da gida nake lallashin kaina in na ja dunduniyar nan. Yanzu in Bushira ta zo sai in ce mata kaina ke ciwo. Ta tattara kayanta ta tafi. Ƙafar kuwa ta huta, ni ma na huta.

Ki gaishe da mutanen unguwa, in suna tambayata.

Safara'u.

*

Bebeji,
Ƙarshen watan Agusta.

Adda Kaltume,

Assalamu alaikum. Shiru har yanzu. Idi ya ce motarsa ta lalace a Tudun Wada ta daɗe a gareji, ban sani ba ko takardata ta iso ki. Ina roƙon Allah ya sa lafiya kike.

Ni kam ba lafiya. Hutun da na ce ƙafar ta yi, ashe ba hutu ba ne. Gwiwar ta sandare kamar taɓarya. Cinyar ta rame, in na taɓa ta sai in ji kamar ba tawa ba, kuma ɗaurewar naman ta dawo fiye da da. Ko alwala sai an taimaka mini.

Shekaranjiya Bushira ta zo ta tarar da Humaira a gida. Ta kama ƙafar ta gwada lanƙwasa ta, na yi ƙara. Sai ta saki ta zauna a ƙasa a gabana, ta ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. In aka ƙara ɗaukar lokaci a haka, sai an mayar da ke asibiti an sa ki barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. In ba haka ba kuma ta zauna a miƙe har abada. Wa ya ce ki daina?"

Na ce, "Yayata ce ta ce kada in motsa."

Humaira ta tashi ta shige ɗaki. Da ta fito idonta ya yi ja. Na ce, "Ke kuma lafiya?" Ta ce babu komai, hayaƙin gawayi ne. Ba a kunna gawayi ba a gidan ranar.

Adda, akwai abin da kuka sani ni ban sani ba. Ko mutuwa aka yi ki gaya mini. Na girmi a riƙa ɓoye mini magana.

Ƙanwarki,
Safara'u.

*

Doguwa,
Ranar Juma'a.

Ƙanwata Safara'u,

Wa alaikumus salam. Takardunki biyu tare suka iso ni yau da hantsi. Ban ci abinci ba na zauna rubuta wannan.

Inna lillahi. Ke da kika fi ni karatu, yaya kika karanta magana haka? Cewa na yi ki zauna a Bebeji, kada ki taso. Ƙafa kuwa wa ya isa ya ce ki daina motsa ta? Ni likita ce?

Ba mutuwa aka yi ba. Ɗakinki ne ya faɗi. Ruwan da aka wuni ana yi a watan Yuli ya jiƙa katangar tsakaninmu, ta kwanta a kan ɗakin da la'asar, rufin ya rufta. Ina tsaye a tsakar gida ina kallo, ban ji ƙarar ba, ƙura kawai na gani. Maza sun tono abin da ya tonu. Akwatinki da Alƙur'aninki da tukwane suna wurina. Gado da katifa sun tafi. Washegari takardarki ta zo kina cewa a buɗe ɗaki ya sha iska. Na rasa abin da zan rubuta. Humaira ta aiko cewa kada a gaya miki sai kin yi ƙarfi, Idi ma an roƙe shi ya yi shiru. Shi ne na rubuta gajeriyar nan. Kada ki yi wa yarinyar faɗa, tausayinki ta ji.

Saura magana ɗaya, ita ma gara ki ji daga gare ni. Bangon ɗakina ya tsage tun daga sama har ƙasa. Umar ya zo ya gani, ya ce ba zai bar ni a ciki ba. Ya ce da nawa ne ya faɗi da ba zan ji motsinsa ba balle in fito. Na yi gardama har na gaji. Ɗana ne, kuma gaskiya ya faɗa. Da zarar an cire masara zai ɗauko mota ya tafi da ni Kaduna. Masararki za a zuba a buhu Idi ya kawo miki tare da akwatin.

Na ce masa mu biya ta Bebeji, ya ce motar haya ce da kaya, a Kwanar Dangora za mu juya kudu, Bebeji kuma tana arewa. Ban san yadda za a yi ba.

Wahalar da kika ce za ki zame mini, Allah ya sani ita nake roƙo.

Ki tashi ki ja dunduniyar nan, Safara'u. Ko ba don Doguwa ba.

Yayarki,
Kaltume.

*

Bebeji,
Cikin watan Satumba.

Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki jaje, ina yi wa kaina. Allah ya sa iyakar abin ke nan, tun da bai faɗa a kan kowa ba.

Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Ba don gado ko katifa ba.

Na koma hannun Bushira. Farawa ta biyu ta fi ta farko zafi nesa ba kusa ba. Yanzu kafin ta zo nake shan magani, in gasa cinyar, in murza ta da manki har naman ya saki. Sannan ta zaunar da ni a bakin gado, ƙafar tana lilo, tana tura ta baya kaɗan kaɗan ina cije gefen mayafi. In mun gama a ɗora ƙanƙara. Ta ce gwiwar ta fara ba da kai, wataƙila ba sai an koma asibiti ba. Na tambaye ta maganar sujada, ta ce, "Mama, wannan ba zan yi miki alkawari ba." Na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ki gaya wa Umar ya kira Humaira ranar da za ku taso. Ba sai kun biyo Bebeji ba. Ku tsaya a Kwanar Dangora, za ku same ni a bakin hanya.

Taki,
Safara'u.

*

Bebeji,
Bayan kaka.

Zuwa ga Adda Kaltume, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ina fatan kun sauka lafiya, kuma baƙunta tana sauƙi. Yaya Umar da iyalinsa? Humaira ta ce in kawo ta ɗauki hoton takardar ta tura wayar Umar, na ce a'a. Wannan taki ce, a tasha za a ba da ita.

Ni da sauƙi sosai. Na ajiye ƙarfen nan, sanda ɗaya nake riƙewa. Cinyar takan ɗaure in na yi tafiya da yawa, amma yanzu na san yadda zan lallashe ta. Salla har yau a kujera.

Ranar nan tun da sassafe muka isa Kwanar. Humaira ta aro mini benci wajen mai shayi, na ƙi zama. Na ce ba zan bari ki hango ni a zaune ba. Ina tsaye ina duban kowace mota da ta fito daga hanyar Tudun Wada, har na hango turminki a ɗaure a saman ɗaya daga ciki, na gane shi tun kafin in gane ki.

Da kika sauko ba fuskata kika fara duba ba. Sunkuyawa kika yi kika kama cinyar kika matsa, kika ɗago kika ce da ƙarfi, har masu sayar da rake suka waiwayo, "Ashe kin tsaya!"

Daga nan na yi ta magana. Manyan motoci suna wucewa, masu talla suna kira, Umar yana cewa, "Inna, rana tana yi, direba yana jira." Ina riƙe da hannunki ina faɗa, ke kuma kina kallon bakina kina gyaɗa kai kina cewa, "Amin, amin." Na san kin ɗauka addu'ar tafiya nake yi miki. Ban gyara miki ba, don babu lokaci.

To ga abin da na ce. Na ce Humaira ta yi maganar a sake gina ɗakin da rani, ni kuma na ce ta bari tukuna. Na ce ko an gina shi ban san wurin wa zan koma ba. Na ce, Adda, ina jin ni da Doguwa ke nan. Ke kuma kika ce amin.

Ban zauna ba sai da motarku ta ɓace a hanyar Zariya. Ƙafar tana rawa, Humaira tana ja na, amma ƙafar ta riƙe ni.

Ki rubuto ki gaya mini yadda ɗakinki yake, da inda tagarsa take kallo, da ko akwai mai zama kusa da ke in ana hira.

Ƙanwarki har kullum,
Safara'u.